Ɗana Malamin Jami'a Ya Ce Bai Sani Ba

Malam mai filin nan, ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni ɗan kamasho ne a tashar Jibiya. Karatuna a aji uku na elemantare ya tsaya, shi ma rabinsa a gulbi na yi shi. Ɗana Maharazu yana digiri na biyu a Zariya, har an ba shi aji yana koyarwa. Daga nan har Maraɗi ba direban da ban cika wa kunne ba cewa ɗana ya haddace duniya.

Watan jiya na je Zariyar, na laɓe a bayan ajinsa da babbar rigata. Malam, shi ke tambaya, yara na musu da shi, yana murmushi! Wata yarinya ta jefo tambaya, na ji da kunnena ya ce bai sani ba, su bincika tare. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu kawunsa Manu ya samo masa gurbi a kwastan, nan bakin iyaka. Sa'o'insa duk sun hau sababbin motoci, shi yana fama da keke. In na ce ya dawo zai dawo, bai taɓa musa mini ba.

Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar, ina tsaka da lodi sai in gan ni cikin ajin nan, fanka na juyawa a hankali, hasken taga ya kwanta kan allo, ni kuma da gemuna na ɗaga hannu. Har mota ta tashi ban da labari.

In kira shi gida?

Ɗan Aji Uku, Jibiya

Baban Maharazu,

Manu ba mugunta ya nufa ba. Aikin kwastan aiki ne, kuma son ganin ɗa kusa ba laifi. Sai dai malamin da ya ce bai sani ba a gaban ɗalibansa, gobe in ya ce ya sani za su yarda. Hanyar koyarwarsa ke nan, kuma mai kyau ce.

Ka faɗa masa zancen gurbin a matsayin labari, kada ya ji umarni a muryarka, tunda ka san ba ya musa maka. Bar shi ya zaɓa.

Kai kuwa, ajin da ya hana ka lodi ba abin raba yaro da shi ba ne. Ka koma Zariya, ka zauna a gaba, ka ɗaga hannun nan. Allah ya yi muku albarka, malam da ɗalibinsa.