Gangar Kabejin Baba Neculai

Padova, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da awaki da karen nan naka marar kunya. Ni lafiyata ƙalau. Tsohuwar da nake jinya a nan Italiya ma tana nan daram, tana cin abincina tana kushe shi.

Doru direban bas zai miƙa maka wannan hannu da hannu. Na haƙura da waya, tunda duk abin da na tambaye ka sai ka ce, "Eh, ana ruwa."

Baba, ba ka manta abin da ƙanena Sorin ya faɗa ranar addu'ar wata shida da rasuwar Mama ba. In ya zo ranar bikin Waliyyi Nicolae, shida ga Disamba, ya tarar ba ka iya riƙe kicin, zai kwashe ka zuwa gidansa a birnin Iași, bene hawa na bakwai. Na san in aka kai ka can ƙarshenka ke nan. Don haka ka saka tabarau ka karanta da kyau.

Tukunyar ƙarfen da ake tuƙa tuwon masara, kada sabulu ya taɓa ta. Ka zuba ruwa ka tafasa, ɓawon zai saki da kansa. Ka busar da ita a kan wuta, ka shafa mata ɗan mai. Dankali da tuffa ba sa zama waje ɗaya a ɗakin ƙasa, tuffa na sa shi tsiro. Albasa a rataye ta, ba a tara ta a buhu. Kwalaben miyar tattasai da Mama ta bari, duk wadda murfinta ya kumbura ka zubar, kada ka ce za ka ɗanɗana, na san halinka.

Sai babban aiki, kabeji. Gidan da ba shi da kabeji mai tsami a hunturu, Sorin zai ce ba gida ba ne, kuma yana da gaskiya. Ka wanke gangar da ke ɗakin ƙasa da tafasasshen ruwa sau biyu. Ka ƙwaƙule gindin kowane kan kabeji ka cika ramin da gishiri mai manyan ƙwayoyi, na buhun Mama da ke bayan ƙofa. Ka saka tiyo ya kai har ƙasa tun kafin ka jera. Ruwa kuwa, babban cokalin gishiri ɗaya a kowace lita. Katako biyu a gicciye a sama, dutsen rafi a kansu. Daga kwana na huɗu, duk bayan kwana biyu ka sauka ka hura tiyon da ƙarfi har ruwan ya yi gurgur, don gishirin da ya kwanta a ƙasa ya taso. In ba a hura ba, ruwan zai yi yauƙi, kabeji ya ruɓe.

Ka huta lafiya. 'Yarka,
Rodica

Ƙauye, 20 ga Oktoba

Rodica 'yata,

Na samu takardarki, na gode, Allah ya yi albarka. Lafiya nake. Ana ruwa, kuma wannan karon gaskiya ne.

Shekarata saba'in da huɗu, yanzu ne za a koya mini inda albasa take kwana. To na ji. Tukunyar kuwa kin makara, na riga na wanke ta da sabulu tun watan Yuni, tuwo ya yi ta kamawa ina zagin garin masara. Na yi yadda kika ce, ta huce. Kwalba uku na zubar. Ta huɗu na ɗanɗana, ban mutu ba.

Ƙaninki ya zo ranar Lahadi da motarsa cike da ledoji daga babban kantin birni. Sabulun kwano mai ƙamshin lemo, soso kala uku, ledojin gishiri fari tas kamar gari har guda goma, da wata tukunya mai santsi da ya ce ba a saka mata cokalin ƙarfe. Na ce tukunyar da ke tsoron cokali me za ta yi a gidana? Ya yi ta buɗe durowa yana shinshina kamar jami'in duba-gari. Ya ce, "Baba, ɗakinka yana nan an yi fenti, har da talabijin." Na ce masa awaki fa, su ma an yi musu fenti? Bai yi dariya ba. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jin wasa.

Ganga ta cika ranar Talata, kai arba'in da biyu. Maƙwabciyarmu Aurica ta leƙo ta ce uwarki hamsin take sakawa. Na ce uwarki tana da bakuna huɗu da take ciyarwa. Dutsen na ɗauko shi a inda ta ajiye shi bara, a gindin matakala. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gai da tsohuwarki, ki rage mata gishiri.

Babanki,
Neculai

Padova, 9 ga Nuwamba

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarka sau uku, na yi dariya, a ƙarshe kuma na yi kuka a banɗaki don kada matar nan ta ji.

Tukunyar Sorin ka yi amfani da ita ko don ya gani, da cokalin katako. Ba ta da laifi, ƙwai ba ya kama ta. Butar shayi in ta yi farin dutse a ciki, ka tafasa ruwan tsami a cikinta ka bar shi ya kwana. Katakon yanka ka goge shi da gishiri, ka jingina shi a tsaye, in ya kwanta a jiƙe zai yi wari. Garin masara a cikin gwangwani mai murfi, sanyi ya shigo ɓeraye za su dawo gida.

Amma ba ka ce mini komai game da hurawa ba. Kana hurawa? Farin abin da ke tasowa a saman ruwan ba matsala ba ne, ka kwashe da ludayi, ka wanke katako da dutsen ka mayar. Ka ɗanɗana ruwan. Ya kamata yanzu ya fara cizon harshe.

Doru zai dawo ta ƙauye ranar ashirin ga wata. Ko layi biyu ne ka ba shi.

Taka,
Rodica

Iași, 8 ga Disamba

Yaya Rodica,

Ina gaisuwa. Na kira ki sau biyu ba ki ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Na je wurin Baba ranar shida kamar yadda muka yi. Zan faɗi gaskiya, kicin tsaf yake, har ya fi na matata, kada ki gaya mata. Ya tuƙa mini tuwo ya juye a katako ya yanka da zare kamar yadda Mama take yi. Har na fara tunanin na yi gaggawa.

Sai na ce bari in ɗebo kabeji a ɗakin ƙasa. Ya ce in bari sai wani zuwan. Na sauka. Yaya, tun daga matakala wari ya tare ni. Ruwan ya yi yauƙi yana bin ludayi, na saka hannu na ɗago kai ɗaya ya narke a tsakanin yatsuna. Arba'in da biyun nan babu ko ɗaya na ci. Na hau na tambaye shi me ya faru, ya ce, "Kabejin bana ne ba shi da ƙwari." Daga nan ya fita wurin awaki.

Ki daina kallona kamar mugu. Ke kina Italiya, ni ne nake tuƙin awa biyu a kan ƙanƙara duk lokacin da waya ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Kafin Kirsimeti zan ɗauko shi.

Ƙaninki,
Sorin

Padova, 12 ga Disamba

Sorin,

Na amsa gaisuwa. Yanzu ka ba ni amsa ɗaya: wane ne ya kai wa Baba leda goma ta gishiri mai laushi, mai sinadarin aidin, ana saura kwana biyu ya cika ganga?

Kai da aka haifa a gidan nan, ka girma kana satar ganyen kabeji a ganga, ba ka san wannan gishirin ba ya shiga tsami ba? Ko yarinyar da aka kai gidan miji jiya ta san yana narkar da kabeji. Na tabbata abin da ya faru ke nan. Ɗansa ya kawo masa abu, ya ji kunyar ajiye shi, ya zuba. Kuma da ka tsare shi da tambaya ya ƙi tona ka, ya ɗora wa kabeji laifi. Kai ka ɓata gangar, sannan ka sauka da ludayi kana yanke hukunci.

Da bakinka ka ce kicin tsaf yake. To magana ta ƙare. Baba yana gidansa. Akwai kabejin ƙarshen kaka a kasuwar garin Vaslui har yanzu, ka saya masa kai ashirin, ka nemi gafararsa. Na kwafe wasiƙar nan na aika masa, don kada ka je ka juya zancen.

Yayarka,
Rodica

Ƙauye, 19 ga Disamba

'Yata,

Ina gaishe ki. Ƙaninki ya zo jiya da kabeji kai ashirin, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu yana ba ni haƙuri. Ya ce in zauna a gidana, ya janye maganarsa. Kin ci nasara. Amma ban iya kallon idonsa ba.

Rodica, gishirinsa yana nan leda goma, ko ɗaya ban fasa ba. Na uwarki na saka. Hurawar ce ban yi ba. Sau uku na gwada. Na farko ruwan ko motsi bai yi ba. Na biyu na yi ta tari. Na uku idona ya rufe, na farfaɗo a zaune a ƙasa, ga kare a saman matakala yana haushi, ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Numfashin ne ya ƙare mini, tun bazara nake ɓoye muku. Na ji kunyar kiran Aurica ta hura mini, don duk ƙauye zai ji.

Na gaya wa Sorin gaskiya. Ki nemi gafararsa ke ma. Aurica za ta riƙe awaki da kare. Sorin zai zo da mota ranar Asabar ya tafi da ni Iași, ni na ce ya zo, ba wanda ya tilasta ni.

Kin koya mini yadda ake riƙe kicin, kuma na iya, ki shaida. Yanzu ki rubuto mini yadda ake rufe shi. Ban san me ake fara fitarwa ba.

Babanki,
Neculai