Rasuwar Dokta Mu'awiya Barmo, Mai Awon Hasken Ƙanƙara

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Zumuncin Hausawa Mazauna Bronx ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, kuma tsohon mataimakin shugabanta, Alhaji Dokta Mu'awiya Barmo Malumfashi, wanda Allah ya yi wa cikawa da hantsin Talata, 14 ga Nuwamba, 2017, a gidansa da ke Parkchester, yana da shekara sittin da ɗaya, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya shafe shekara ashirin da uku a wata jami'a ta wannan birni yana aiki guda, wato auna yawan hasken rana da dusar ƙanƙara ke mayarwa sama, da wanda take shanyewa, launi bayan launi, har da launukan da ido ba ya gani. Shi da bai taɓa taka ƙanƙara ba sai da ya haura talatin, sau shida aikin ya kai shi tsibirin Greenland, kuma duk dawowar da zai yi sai ya tara mu ya ba mu labarin yadda shayinsa ke daskarewa kafin ya kai baki. Yakan ce mana dusar da ta sauka yanzu kusan duk hasken take korawa, amma da zarar baƙin hayaƙi ya hau ta sai ta fara shan zafi, ta narke da wuri. Direbobin tasi na cikinmu ba za su manta da shi ba, domin yakan tsayar da su a bakin titi, ya durƙusa da babbar riga a kan kwat, ya kafa na'urarsa a kan tulin ƙanƙarar da motoci suka baƙanta, ya ce su ja baya inuwarsu tana ɓata masa lissafi.

Ilmin nasa bai tsaya a jami'a ba. A lokacin zafi na shekarar 2012, da dattawanmu suka fara ƙaurace wa sallar azahar a masallacinmu na Concourse Village saboda ɗakin sama ya zama kamar tanda, har wani ya yanke jiki ya faɗi a sahu, Dokta ne ya hau rufin, ya auna baƙar kwaltar da ke kai, ya sauko ya ce a shafe ta da farin fenti. An yi masa dariya, Malam Zailani mai kiran salla ya ce bai taɓa jin fenti ya yi aikin fanka ba. Dokta ya ce a ba shi Asabar ɗaya kawai. 'Yan Zongo da 'yan Najeriya da 'yan Nijar suka hau da buroshi, Hajiya Hamdatu, ɗaya daga cikin iyayenmu mata, ta aiko da tukunyar waake, wato shinkafa da wake irin na 'yan Zongo, kuma kafin azumi ya kama sahun ya sake cika. Malam Zailani da kansa ya riƙa gaya wa baƙi cewa shi ya fara goyon bayan shawarar, Dokta kuwa bai taɓa ƙaryata shi ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa Hajiya Ladi, da 'ya'yansa Fu'ad da Najat, da 'yan'uwansa na Malumfashi, da abokan aikinsa, tana roƙon Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kuma ba iyalansa juriyar wannan babban rashi. Za a yi addu'ar uku ranar Juma'a bayan sallar la'asar a masallacin.

Marigayin ya rasu saura hunturu ɗaya ya kammala awon dusar ƙanƙara na shekara goma da yake yi a rufin gidajen membobinmu guda tara. Abokiyar aikinsa, Dokta Na'ima Tamimu, ta karɓi na'urar daga hannun Hajiya Ladi, ta ce za ta ƙarasa, kuma sunansa ne zai zo farko a kan sakamakon. Muna roƙon masu waɗannan gidaje, ranar da dusar farko ta sauka, kada kowa ya share ta, kada kowa ya taka, a buɗe wa Dokta Na'ima ƙofa.

Alhaji Inusah Abdul-Karim
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Zumuncin Hausawa Mazauna Bronx, New York