Wa Zan Sa Na Uku?

Ruwan Godiya,
Maris, 1977.

Zuwa ga maiɗakina Suwaibatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya kumburin ƙafar? Tun da kika tafi goyon ciki Mabai gidan nan ya yi mini faɗi.

Ina cikin damuwa. Kin san gwamnati ta yi kuɗi, ta ba ƙungiyar manomanmu tarakta da takin zamani, kuma shugaba ne zai faɗi garin da za a fara yi wa huɗa. Wakilan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa za su zaɓe shi, ni ma ina ciki. Masu nema uku ne: Alhaji mahaifinki, da Baba Almu da ya riƙe ni tun ina maraya, da Malam Rabo na Sabuwa da na yi sauka a hannunsa. Kin ga inda aka tsare ni.

Malamin gona ya zo da sabon salo. Wai jera su za a yi, ɗaya, biyu, uku. Wanda ya fi ƙarancin ɗaya ya fita, a kai ƙuri'unsa ga waɗanda aka sa na biyu. Ana gardama kan ko dole ne a jera duka, ko mutum na iya rubuta ɗaya ya yi shiru. Ni shirun nake roƙo. In na zaɓi Baba, ba mai ganin laifina. Amma in ɗauki alƙalami in ce surukina ko malamina ne na ƙarshe, da wane ido zan dube su?

Ki gaishe da Inna.

Naki,
Maharazu.

Ruwan Godiya,
Afrilu, 1977.

Suwaibatu,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Na ji an ce kin hana kowa sakat da kwaɗayin tsamiya.

Ra'ayin dole a jera duka ne ya yi nasara, kuma Alhajinku ne ya tsaya masa. Ya ce mai rubuta ɗaya tak, in mutuminsa ya fita, ƙuri'arsa ta mutu, ya zama ɗan kallo, amma mai jerawa ana jin muryarsa har ƙarshe. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na miƙe na ce akwai kawaici, ba a tilasta wa yaro ya auna manya. Aka yi mini dariya.

Ga wani abu kuma. Za a ɗaga kowace takarda a karanta, sauran wakilai kuwa da ajami suke rubutu. Ni kaɗai ne ɗan boko, kowa zai gane hannuna. Na nemi a canza ni, mai gari ya ƙi. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Maharazu.

Ruwan Godiya,
Mayu, 1977.

Suwaibatu,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Da saƙo ya iso cewa namiji ne, sai da na yi hawaye. Yaya ruwan zafi?

Na san kin ji Alhaji ya ci zaɓe. Ga yadda aka yi. Da aka miƙo mini takarda, sai na rubuta wa kowannensu ɗaya, ina ganin na yi dabara. Malamin gona ya ɗaga ta ya ce ta lalace. Da na jera su na sa Baba na ɗaya, da ya wuce Malam Rabo da ƙuri'a guda. Da aka fitar da takardata, suka yi kunnen doki, aka yi ƙuri'ar kara, ta faɗa kan Baba, shi ya fara fita. Mutanensa sun sa Alhaji na biyu, da su ya haye.

Alhaji ya aiko mini da rago. Malam Rabo ya yi murmushi kawai. Baba kuwa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Yana amsa gaisuwata yadda ake amsa ta baƙo, kuma ya daina aiko mini da tuwo.

Jiya na durƙusa a zaurensa na gaya masa haihuwar, na ce sunansa nake so a raɗa wa yaron. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Nawa ni ɗai, ko na mu ukku za ka sa mashi?"

Suna ya matso, kuma har yanzu bai ce zai zo ba.

Ki shafa mini kan yaron.

Naki har kullum,
Maharazu.