Magini Ya Toshe Kafar da Muke Hira

Assalamu alaikum Anti Fatimatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, don abin da ke damuna in na faɗa wa wani dariya zai yi mini.

Ni 'yar Ɗan Isa ce ta ƙasar Nijar, aure ya kawo ni Jibiya. Maigidana direban babbar mota ne, wani lokaci sai ya yi sati bai kwana gida ba. Da aka rufe iyaka kuwa, ko innata ban ƙara sa wa ido ba sai bayan an buɗe. Daga ni sai ɗiyata mai shan nono.

Katangar da ta raba mu da gidan baya ta bulo ce, ba a yi mata filasta ba, kuma simintin da ke tsakanin bulo da bulo ya zube a wurare da yawa. Kusa da murhuna akwai wata kafa da yatsa biyu ke shiga. Wata rana ina kuka ina hura wuta, sai na ji murya ta kafar tana tambaya ko hayaƙi ne ko kewar gida. Nagoggo ke nan, tsohuwar gidan, mai ciwon ƙafa, ba ta fita. Tun ranar kullum muna hira. Ita ta koya mini jiƙa wa yarinya magani lokacin haƙori. Takan turo mini daddawa a ƙulle cikin leda, ni in tura mata goro. Anti, ban taɓa ganin fuskarta duka ba, ido ɗaya kawai da gefen ɗankwali, don ƙofar gidansu wani lungu take kallo, sai an yi zagaye mai nisa.

Da damina ta faɗi, ruwa ya riƙa shiga katangar, sannan kunama ta fito daga wata tsaga ta kusa harbin ɗiyata. Maigida ya ɗauko wani magini, Malam Yusha'u. Mutumin ya iya aikinsa, ba zan ɓoye ba. Ya kankare ruɓaɓɓen siminti, ya yayyafa ruwa, ya riƙa cusa sabon kwaɓi da bakin cokalinsa yana dannawa, ya shafe shi daidai da fuskar bulo, ba tudu ba rami, in ya ɗan sha iska ya goge da tsumman buhu. Ina daga ƙofar ɗaki ina kallo har ya iso kafarmu. Bakina ya buɗe in ce ya bar wannan, kunya ta hana ni, ga maigida tsaye. Shafa ɗaya ya yi mata.

Da yamma na ji kamar Nagoggo na kiran sunana can ƙasa-ƙasa. Na amsa, ban sani ba ko ta ji. Ba ta sake kira ba. Tsorona kada ta zaci ni na sa aka toshe don na gaji da ita.

Yanzu katanga ta yi sumul, duk baƙon da ya zo sai maigida ya nuna masa. Ni kuwa ko wurin da kafar take na kasa ganewa, sai in bi ina shafawa da hannu. Na ajiye wata ƙusa, kullum ina cewa yau zan huda, sai in fasa. Ban taɓa gaya masa muna hirar ba, ina gudun ya ce gulma nake da maƙwabta. In huda a ɓoye, ko in haƙura?

Baƙuwar Jibiya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba wanda zai yi miki dariya a nan. Kaɗaici ciwo ne, kuma wanda ya ɗebe miki kewa a baƙon gari ya zama ɗan'uwa.

Amma ki mayar da ƙusar nan inda kika ɗauko ta. Maigidanki bai yi laifi ba, maginin ma haka. Ana shafe tsakanin bulo daidai da fuskarsa ne don kada ruwa ya sami wurin kwanciya ya ci katanga, kada kuma ƙwari su sami maɓoya. Kin ga kunama da idonki. In kin huda, ramin ba zai tsaya yadda kika bar shi ba, kuma ranar da mijinki ya gani, tambayar da zai yi ta fi wadda kike gudu yanzu nauyi.

Mutum ba ya gyara abin da bai sani ba. Shi a ganinsa ya tsare iyalinsa ne, bai san ya rufe miki ƙofar hira ba. Ki bari ya dawo, ya ci ya huta, ki fara da yaba aikin, sannan ki ba shi labarin Nagoggo kamar yadda kika ba ni, har da maganin haƙorin. Ki roƙe shi izinin zuwa gaishe ta. Zumunci da maƙwabci addini ne, ban ga mijin kirki da zai hana ba.

Kada ki jinkirta, tsohuwa ce, kuma ita ma tana can zaune ita kaɗai tana saƙe-saƙe. Ki dafa abu mai ɗan daɗi, ki goya ɗiyarki, ki yi zagayen nan komai nisansa, ki faɗa mata da bakinki yadda aka yi. In gidajen biyu sun yarda, magini zai iya cire bulo ɗaya ya sa mai huji, a lulluɓe da raga, ya shafe gefensa tsaf. Amma wannan shawarar maza ce, a bar su su yanke.

Ki kuma nemi shiga Islamiyyar matan unguwa, kada duk hirarki ta rataya ga mutum ɗaya. Allah ya raya ɗiyarki, ya ba Nagoggo lafiya, ya tsare maigida a hanya. Idan kin je, ki gaishe mini da ita.

Anti Fatimatu