Baba ya daina yi wa baƙi tayin ruwan rijiyarsa

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai. Ka yi haƙuri da rubutuna, gyaran keke nake yi, karatuna bai yi nisa ba.

Mahaifina haƙar rijiya ce sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare. Ta tsakar gidanmu shi ya haƙa ta da hannunsa tun ban zo duniya ba. Malam, ka ga rijiya! Ko a tsakiyar rani ba ta taɓa ƙafewa ba, ga sanyi, ga sabulu na kumfa da ruwanta. In baƙo ya zo, kafin a shimfiɗa tabarma Baba ya sa an ɗebo masa, ya tsaya yana kallon maƙogwaronsa yana jiran yabo. Famfo kuwa, cewa yake ruwa ne mai warin asibiti, mai zuwa ran da ya ga dama kamar malalacin lebura.

To, maƙwabcinmu ya haƙa shadda jikin katangarmu, dab da rijiyar. Tun da damina ta sauka, 'yata da aka yaye ke fama da gudawa, ta warke ta koma. Ma'aikaciyar asibiti ta tambayi matata wane ruwa muke sha. Ga shi an shimfiɗa bututun hukumar ruwa a layinmu, gidaje na ta ja. Matata ta matsa in yi magana, yayana kuma cewa yake a cike rijiyar a huta.

Ni dai ga abin da na lura. Baba ya daina yi wa baƙi tayin ruwan. Kullum da safe yana tafasa ruwa a butarsa wai shayi zai haɗa, amma ba ya zuba ganye, sai ya bari ya huce ya ba jikarsa. Rannan na ga ya jawo guga ya shinshina, ya juye wa bishiyar lemo, ya daɗe yana kallon katangar.

Ina tsoron lafiyar yarinyar, kuma ba na so in zama ni ne zan ce wa mutumin nan aikin hannunsa ya lalace. Yaya zan yi?

Ɗan Mai Rijiya

Wa alaikumus salam, Ɗan Mai Rijiya. Allah ya ba yarinya lafiya.

Ka ce karatunka bai yi nisa ba, amma ka karanta mahaifinka tsaf. Ya riga ku gane matsalar, kuma da butar nan ya nuna jikarsa ta fi masa rijiyarsa. Irin wannan dattijo ba gardama zai yi da kai ba, hanyar da zai faɗa ba tare da ya muzanta ba yake nema.

Daga yau duk ruwan da za a sha a gidan a tafasa shi, ba na yarinya kaɗai ba, ita kuma a ci gaba da kai ta asibiti. Ka ɗebi ruwan rijiyar a kwalba mai tsabta ka kai a gwada, don kada ku tafi a kan zato. Ku sami maƙwabcin cikin lumana a kan shaddar.

Ku ja famfo, amma kada ka bi ta yayanka. Baba bai yi ƙarya ba, famfo yakan ɗauke, ga kuɗin wata. Ku tanadi tanki mai murfi don ruwan sha, rijiya kuma a yi mata murfi mai kyau, ta ci gaba da wanki da ban ruwan lemo.

In za ka sami Baba da maganar, kada ka fara da laifin rijiya, don ba ita ta yi laifin ba. Ka ce kana so a jawo famfo saboda yarinya, amma ba ka san inda ya kamata bututu ya bi ba, shi ya san ƙasar gidan nan. Ka bar shi ya zaɓi wurin, ya tsaya a kan masu haƙa, ya yi musu faɗa son ransa. Ran da ruwa ya zo, shi zai fara murɗa kan famfon ya cika kofin jikarsa. Ko ya ce yana warin asibiti, ka ce gaskiya ne Baba.

Allah ya ƙara masa lafiya, kai ma ya ba ka mai lura da kai haka.