Garin Lilin da Hannuna Ya Zubar

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, raɓar safiyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take! Ya Malam Shida, mutumin da ba ya iya ganin fure ya wuce sai ya tsaya ya ƙirga shi,

Ina gaishe ka, gaisuwar wadda ba ta da tabbacin za a amsa mata. Yau kwana arba'in da ɗaya rabon da in ji muryarka. Jiya ƙanwarka ta biyo ta shagon furannin Inna, ta yi ta kame-kame tana shafa ganyen da ba ta zo saye ba, daga ƙarshe ta ce ranar Asabar da safe za ka tafi, ka karɓi aikin nan na gidan adana iri, can inda mota ke yini biyu kafin ta kai. Ashe haka za ka yi min? Tafiya ba sallama, kuma a bakin ƙanwarka zan ji? Maganar aurenmu da babanka da kawuna suka fara tana nan a rataye, ba a ce an fasa ba, ba a ce ana yi ba. Almakashi na hannuna lokacin da ta faɗa, ban san na datse wa wani fure kai ba sai da ya faɗo kan ƙafata.

Ka tuna ranar da ka fara shigo mana? Ka tsaya gaban bokitin da na rubuta wa "lili" da hannuna, fararen nan masu naɗewa kamar mazurari da ɗan yatsa rawaya a tsakiya, ka gyara tabarau ka ce, "Baiwar Allah, wannan fa ba lili ba ne, ɗan uwan gwaza ne." Na ce, "To Malam, fure ka zo saye ko gyara mana shago?" Inna ta yi dariya har da tari, ta ce ashe shekara ashirin gwaza take ɗaura wa amare. Ranar na ji haushinka kamar in watsa maka ruwan bokitin. Washegari kuma na kama kaina ina leƙen titi.

Kai ka buɗe min ido, masoyina. A ɗakin gilashin nan na lambun jami'a, inda zafi ke sa tabaranka ya yi hazo, ka zaunar da ni kan buhun ƙasa ka ce sunan lili ya yi arha, kowa ara yake yi. Bado da ke kwance a kan ruwa ana ce masa lili, alhali ba dangin iya ba na baba. Mai yini ɗayan nan da ke buɗewa da safe ya mutu da yamma, ganyensa daga ƙasa yake tasowa kamar ciyawa, saiwa gare shi, shi ma suna kawai ya samu. Sai ka tono min na gaskiya: albasa ce a ƙasa, amma tsirara, ba ta da riga irin ta albasar miya, ɓawo ne kan ɓawo a jere. Kara ɗaya a miƙe, ganye na bin sa har sama. Ganyen fure shida, uku a ciki uku a waje, zare shida, kowanne da ɗan kansa mai ɗauke da gari. Ka ƙirga min su da bakin biro, ka sake ƙirgawa, tun daga nan 'yan shagonmu suka laƙaba maka sunan da har Inna ke kiran ka da shi.

Ka raba min su gida-gida. Ga masu kallon sama, launi kamar wuta amma ba ƙamshi. Ga masu kallon gefe, waɗanda ƙamshinsu ke cika ɗaki har ya sa ciwon kai. Ga masu sunkuyar da kai, ganyensu a nannaɗe ta baya. Na ce ni fa ina zan shiga? Ka ce ai ba sai an duba littafi ba, mai kallon sama ce, ga tsiwa ga rashin kunya. Da ka gan ni yanzu, ruhina, da ka canja min gida, don tun ranar nan ban ɗaga kai ba.

Wayyo ranar nan! Bari in faɗe ta da bakina, tunda kai ka ƙi faɗa.

Na san tukunyar da ke lungun taga a ɗakin gilashin nan ita ce ranka. Iri ne tsohon malaminka ya samo a kan wani dutse, ka shuka, ka yi shekara biyar kana jiran ya yi fure, ba wanda ya san ko sananne ne ko wani sabon jinsi. Bana ya fitar da toho uku. Sai ciwon babanka ya tashi, ka tafi jinya asibiti, ka damƙa min makulli ka ce ruwa kawai zan zuba, kofi biyu, a gindi. Ruwa kawai ka ce. Na ji da kunnena.

Da na buɗe ƙofa a rana ta uku, sai ga su sun buɗe duka ukun, farare da ɗigo-ɗigon ja, sun sunkuya kamar masu jin kunya. Kyau ya ɗauke min numfashi! Sai hannuna ya yi abin da ya saba. Ka san tun ina 'yar shekara tara Inna ta koya min: lili na buɗewa, a tsinke 'yan kawunan nan kafin su fashe, don kada garinsu ya ɓata farin furen, ya ɓata rigar mai saye. A shagonmu barin su ƙazanta ce, har ranƙwashi na sha a kai. Wallahi ban yi tunani ba, yatsuna ne suka tafi da kansu. Goma sha takwas na tsinke, ɗaya bayan ɗaya, ina 'yar waƙata, na jefa a ruwan da na wanke hannu, na tuttular a magudana. Har na goge ganyen da auduga. Sannan na aika maka cewa sun buɗe, na zauna kan buhu ina jiran ka zo ka yaba min.

Ka shigo da Farfesan da ke duba bincikenka a bayanka, da kyamara a wuya, da 'yan ambulan da hantsaki a aljihu. Ka durƙusa ka leƙa. Ka daɗe a durƙushe. Ka ce, "Ina suke?" Na nuna maka yatsuna ina murmushi, kamar wadda ta yi abin kai. Farfesa ya cire hula ya fita. Kai kuwa ka miƙe ka kaɗe gwiwa ka ce, "Ba komai. Sannu da aiki." Da ka zage ni, da ka ɗaga murya har gilashin ya tsage, da na ji sauƙi. Wannan "sannu da aiki" ita ce ke hana ni cin abinci har yau.

Daga baya na fahimci abin da na zubar. Launin garin da tsawon kawunan su ne shaidar da za ta nuna gidan da furen yake, kuma da garin za ka haɗa shi da wani ka ga ko za su yi iri. Sau ɗaya yake fure a shekara, wa'adin bincikenka kuma ƙarshen wancan watan ya cika, aka ƙi ƙara maka lokaci. Shekara biyar ɗinka na bi da su magudana cikin minti biyu, ina waƙa.

Amma bari in yi tsiwata sau ɗaya, ko ita ce ta ƙarshe. Kai da ka koya min bambancin lili da gwaza, kai da ka san sana'ar gidanmu, kai da ka sha ganin yatsuna jajir da garin nan, me ya hana ka ce, kada ki taɓa? Kalma uku! Ko kuwa ka faɗa, ni ce na shagala da kallon bakinka? Idan haka ne, wannan ma laifina ne, na ɗauka. Sai dai ka sani ba sakaci ba ne. So nake ka shigo ka tarar da abin da ka fi ƙauna tsaf-tsaf, yadda aka koya min gyara abin da ake ƙauna.

Yanzu na kasa tsinkewa. Lilin shagonmu da kawunansu suke fita, wata mata ta dawo da farin mayafinta duk ya yi ja tana ta faɗa. Inna ta kalle ni ta ce, "Ke dai Allah Ya shirye ki, can kin cire inda ba a so, nan kin bari inda ba a so." Ta yi niyyar in yi dariya ne, sai kuka ya zo, ta rungume ni a gaban mai mayafin.

Ya muradin raina, ruwan da nake sha, iskar da ke shigo min ta taga! Ba na roƙon ka fasa tafiya, na riga na raba ka da abu ɗaya, ba zan raba ka da na biyu ba. Ba na ma cewa ka yafe yau. Shin ba a hukunta mutum a gabansa ne? Ka zo ka faɗa min na cuce ka, ka faɗa da ƙarfi, in ji, in ba ka haƙuri ido da ido. Idan ka ce in jira, shekara biyar ɗin da na ɓata maka zan zauna in biya su da tawa, kwana-kwana, ba ƙorafi. Idan kuma ka ce a fasa, in ji daga bakinka, kada a aiko min kawu.

Tasha kam ba zan je ba. Na san kaina, zan yi abin kunya a gaban mamarka. Amma motar da za ka shiga ta titinmu take bi, ba ta da wata hanya. Ranar Asabar zan buɗe shago tun kafin kowa, in tsaya a bakin ƙofa, ba zan zauna ba sai motar ƙarshe ta wuce. Idan zuciyarka ta yarda, ka sauko ko na minti ɗaya ne. Idan ba za ka iya ba, ka zauna ta gefen taga, ka ce wa direba ya ɗan rage gudu.

Taka ce ni, ko ka sauko ko ka wuce, ba zan zama ta wani ba har ƙasa ta rufe min ido,

'Yar mai fure.