Babin Gado Ba Ya Jiran Damina

Zuwa ga mai girma shugaban da ke duba makarantun sakandare na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Isufu ne, manomin gero daga wajen Tabla. Ban saba tsayawa gaban manya ba, amma wanda ya binne ɗa kunya ta fita daga idonsa.

Na farko. Na yi kwalej, wato ƙaramar sakandare, har aji na ƙarshe. A littafinmu na kimiyyar rayuwa, babin gadon jini shi ne a can ƙarshen shekara. Kafin malami ya kai wurin, ruwan farko ya sauka, iyaye suka kwashe mu zuwa shuka, ajin ya koma na awaki. Haka ake yi kowace shekara a nan ƙasarmu ta Kurfai, kun kuma sani. Na bar makaranta ban taɓa jin kalmar kromozom ba.

Na biyu. Na auri Hajara, ɗiyar baffana, auren zumunci irin wanda kowa ke yabo, kuma muna son juna. Ɗanmu na fari, Mamman, tun yana goye hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura, ya yi ta tsala ihu. Tsofaffi suka ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Aka ɗura mata jiƙe-jiƙe masu ɗaci, aka yaye yaron tun lokaci bai yi ba. Shekaru Hajara ta yi tana sunkuyar da kai a gidan suna da gidan biki, kamar wadda ta yi sata.

Sai da ciwon ya ci ƙarfinsa muka kai shi asibiti a Filinge. Wata malamar jinya ta zaunar da mu, ta ce amosanin jini ne. Ta ce kowane ɗan Adam yana da kromozom arba'in da shida, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma a kansu ƙwayoyin gado suke, a jikin wani zare da ake kira ADN da Faransanci. Ni ina ɗauke da ƙwayar cutar guda, Hajara ma guda, shi ya sa mu ba mu ciwo. Mamman ya haɗa biyun. A kowane ciki, in ji ta, kashi ɗaya cikin huɗu haka na iya faruwa. Bayanin bai kai daɗewar shan shayi ba. Hajara ta dube ni, sai hawaye. Ashe rabin abin daga gare ni yake, nononta kuwa lafiyarsa lau.

Mamman ya rasu yana aji uku na firamare. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma manomin da ke ware zangarniya mai kyau don iri bai kamata ya jahilci abin da ke cikin jininsa ba, alhali an rubuta shi a littafin da aka ba shi.

Na uku. Ɗiyata Ramatu bana tana ajin da na tsaya. An gwada ta, tana ɗauke da ƙwaya guda kamar ni. Na duba littafinta, babin yana nan inda na bar shi, a ƙarshe. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Roƙona kaɗan ne, ranka ya daɗe. A ba malamai izini su ja wannan babi zuwa farkon shekara, lokacin da aji ke cike. A kuma gaya wa yara a fili, da Hausa da Zabarmanci in Faransanci ya gagara, cewa ana gwajin jini kafin aure. Ni zan iya koya wa Ramatu, amma wa zai koya wa yaron da zai zo neman ta?

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka koyi wannan darasi a inda na koye shi.

Wassalam.

Isufu, baban Mamman